Halley: sunan da ya hau tauraro, taswira da ƙanƙara

Al'adar masana falaki ita ce a raɗa wa tauraro mai wutsiya sunan wanda ya fara hango shi. Amma wanda ya fi kowanne suna a duniya, wato na Halley, bai bi wannan ƙa'ida ba. Edmond Halley, mutumin Ingila, ba shi ya fara ganinsa ba. Marubutan tarihin ƙasar Sin sun rubuta fitowarsa tun shekara ta 240 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma akwai allunan yumɓu na Babila da suka ambace shi a shekara ta 164 kafin haihuwar. Dawowar da ta sa aka manna wa tauraron sunansa ma bai gan ta ba, don lokacin ya kusa shekara 17 a kabari. Abin da ya yi shi ne gane cewa baƙon da aka gani a 1531, da na 1607, da na 1682, duk abu guda ne da ke tafiya yana dawowa.

Wannan rikici ba a kan tauraron kaɗai ya tsaya ba. Sunan yana kan wata tashar bincike a Antatika inda mutumin bai taɓa taka ƙafa ba, yana kan wata dabarar lissafi da wani Bafaranshe ya fara share wa hanya, yana kan rami a wata da wani a duniyar Mas, yana kuma kan mutanen da ba su haɗa komai da shi ba sai haruffa. Mai son fahimtar sunan sai ya riƙa tambaya a kowane wuri: aikinsa ne, ko karramawa ce, ko dai suna ne ya zo ɗaya? Inda duk aikinsa ne, za a tarar da salo guda. Halley mutum ne mai tattara bayanan da wasu suka rubuta suka watsar, ya jera su a jadawali ko a taswira, har su faɗi abin da zai faru gobe.

Furucin sunan kansa Turawan ba su daidaita a kai ba. Mafi yawan masu ɗauke da shi a Ingila suna cewa “Hali”, wanda kunnen Bahaushe zai ji kamar halin mutum. A Amurka an fi jin “Heli”, kuma ana ɗora alhakin hakan a kan mawaƙin nan Bill Haley, mai harafin l guda, wanda ya sa wa ƙungiyar kiɗansa suna Comets, wato taurari masu wutsiya, don wasa da kamannin sunan. Wasu kuma suna cewa “Holi”, saboda a takardun zamaninsa an rubuta sunan Hawley, kamar yadda aka rubuta shi Hailey da Hayley. Sunan yankan ma ana samunsa Edmond, ana samunsa Edmund. Ranar haihuwarsa biyu ce a littattafai, 29 ga Oktoba da 8 ga Nuwamba 1656, kuma duka daidai ne, domin Ingila ba ta koma sabuwar kalanda ba sai 1752. Sauran masu sunan kuwa kowa da hanyarsa: Rudolph Halley lauya ne da ya yi fice a binciken majalisar dattawan Amurka kan gungun 'yan daba a 1950 zuwa 1951, George Halley ɗan ƙwallon Sukotlan ne da ya ci kofin FA da Burnley a 1914, Peter Halley mai zane ne a New York, akwai kuma wani ƙauye Halley a jihar Arkansas.

Mahaifin Edmond attajiri ne mai sana'ar sabulu a Landan. Shi ya ɗauki nauyin ɗansa lokacin da ya bar jami'ar Oxford ba digiri a 1676, yana ɗan shekara 20, ya shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Saint Helena a kudancin tekun Atlantika don ya auna taurarin da ba a gani daga Turai. Gajimare ya wahalar da shi matuƙa, duk da haka ya dawo da matsayin taurari 341. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu: aka ba shi digirin da umarnin sarki, aka kuma shigar da shi ƙungiyar masana ta Royal Society a 1678. Tudun da ya kafa na'urorinsa a tsibirin har yau da sunansa ake kiransa. A watan Agusta 1684 ya je Cambridge ya tambayi Isaac Newton irin hanyar da duniya za ta bi in ƙarfin jan rana yana raguwa gwargwadon nisa ninki kansa. Daga wannan tambaya littafin Newton mai suna Principia ya fito a 1687, kuma da kuɗin aljihun Halley aka buga shi, saboda ƙungiyar ta riga ta ƙarar da nata wajen buga wani littafi kan kifaye.

A cikin Principia ne Newton ya nuna yadda za a fitar da hanyar tauraro mai wutsiya daga gani uku. Ana bukatar matsayinsa a sama a darare uku masu tazara, da lokacin kowane gani. Daga nan ake lissafa abubuwa biyar: ranar da ya fi kusantar rana, nisan da ke tsakaninsu a ranar, karkatar hanyarsa in an gwada da shimfiɗar hanyar duniyarmu, wurin da ya keta wannan shimfiɗa, da ɓangaren da kusantar ta fuskanta. Waɗannan biyar su ne kamar zanen fuska, da su ake gane tauraro. Siffarsa da tsawon wutsiyarsa ba sa taimakawa, don suna sauyawa a kowace fitowa.

Halley ya zauna ya yi wannan lissafi da hannu wa taurari 24 da aka gani tsakanin 1337 da 1698, ya buga jadawalin a 1705. Layuka uku suka fito kusan iri ɗaya. Na 1531 da Peter Apian ya auna, na 1607 da Kepler ya auna, da na 1682, dukansu suna tafiya ne saɓanin yadda duniyoyi ke zagaya rana, karkatarsu tana wajen digiri 17 zuwa 18, kuma kusantarsu ga rana ta ɗan gaza kashi 60 cikin ɗari na nisan duniyarmu da rana. Sai dai a nan gizo ke saƙar: tazarar farko shekara 76 ce da 'yan watanni, ta biyu kuwa ba ta cika 75 ba. In abu guda ne, me ya kawo bambancin fiye da shekara? Halley ya ce jan manyan duniyoyi ne, musamman Mushtari, wadda Turawa ke kira Jupita. Ya lura tauraron ya wuce kusa da ita a 1681, ya ce hakan zai jinkirta dawowarsa zuwa ƙarshen 1758 ko farkon 1759.

Kintace ne mai kyau, amma kintace. Waɗanda suka yi lissafin na haƙiƙa Faransawa ne uku, Alexis Clairaut da Joseph Lalande da Nicole-Reine Lepaute, waɗanda suka shafe watanni suna bin tauraron taki-taki a kan takarda, suna auna yadda Mushtari da Zuhal, wato Satun, suka ja shi cikin shekara 150. Suka samu jinkirin kwana 618, wato 518 daga Mushtari, 100 daga Zuhal, suka ce zai kusanci rana a tsakiyar Afrilu 1759, da kuskuren wata guda gaba ko baya. Ya iso ranar 13 ga Maris. Kuskuren watan nan ba sakaci ba ne: ba a san nauyin Zuhal daidai ba a lokacin, kuma ba a gano duniyoyi biyu na can baya ba tukuna, Yuranus da Naftun. Wanda ya fara hango shi kuwa wani manomi ne kusa da Dresden a Jamus, Johann Georg Palitzsch, daren 25 ga Disamba 1758. Da an bi ƙa'idar da aka saba, da wataƙila sunansa muke fama da furtawa. Nicolas-Louis de Lacaille ne ya kira shi tauraron Halley a 1759, sunan ya zauna.

Shi tauraron, in an cire wutsiya da hayaƙin da ke lulluɓe da shi, curi ne na ƙanƙara da ƙura mai tsawon kilomita 15 da faɗin 8, mai siffar gyaɗa. Baƙi ne ƙirin, yana mayar da kashi 4 kawai cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, kusan kamar gawayi. An san haka ne daga kumbon Giotto na Turai, wanda ya wuce shi da tazarar kilomita 596 ranar 14 ga Maris 1986, bayan kumbuna biyu na Tarayyar Sobiyet masu suna Vega sun riga sun daidaita masa matsayin curin, biyu na Japan kuma suna auna shi daga nesa. In ya matso rana, zafi yana mayar da ƙanƙarar iska kai tsaye, iskar ta feso ta kwaso ƙura. Wutsiyar kullum tana fuskantar nesa da rana, don haka in yana komawa wutsiyar ce a gaba. Wannan feshi ma yana ɗan tura shi kamar roka, yana ƙara 'yan kwanaki a zagayensa. Zagayen yana kaiwa tsakanin shekara 74 da 79, don haka mai ƙara 76 a kan shekarar da ta wuce zai sha kunya: daga 1986 lissafinsa zai ba shi 2062, alhali ranar da ake jira ita ce 28 ga Yuli 2061. Ya kai ƙarshen nisansa a Disamba 2023, ninki 35 na nisanmu da rana, yanzu yana kan hanyar dawowa.

Mutane da yawa da ke cewa sun gan shi, wani suka gani. A Janairu 1910 wani tauraro mai wutsiya ya fito da hasken da ake ganinsa da rana tsaka, watanni kaɗan kafin na Halley, tsofaffi suka riƙa haɗa su. Na Halley ya zo a Afrilu da Mayu, duniya ta ratsa wutsiyarsa ranar 19 ga Mayu, jaridu suka tsorata mutane da labarin iska mai guba a cikinta, 'yan damfara suka sayar da ƙwayoyin kariya, ba abin da ya faru. Fitowar 1986 kuwa ita ce mafi rashin armashi cikin shekara dubu biyu, domin lokacin da ya fi haske yana bayan rana ne daga inda muke. Wanda ya tuna wani tauraro mai wutsiya fes a sararin magariba a shekarun 1990, mai yiwuwa Hale-Bopp ya gani a 1997, wanda aka raɗa wa sunan Alan Hale da Thomas Bopp. Kamannin Hale da Halley ne kawai. Akwai kuma abin da masana ke kira taurari “irin na Halley”, wanda rukuni ne na duk masu zagayen shekara 20 zuwa 200, kamar Pons-Brooks da aka gani a 2024.

Ba sai an jira 2061 ba kafin a ga wani abu nasa. Ƙurar da ya zubar a hanyarsa tana nan, kuma duniya tana ratsa ta sau biyu a shekara, wajen 5 zuwa 6 ga Mayu da wajen 21 zuwa 22 ga Oktoba. Ƙwayoyin, waɗanda yawancinsu ba su wuce tsabar yashi ba, suna shiga iskar sama da gudun kilomita 66 a daƙiƙa su ƙone, su ne ake gani kamar tauraro ya faɗi. A ƙasar Hausa na Oktoba ya fi sauƙin kallo, don damina ta janye, hazo bai yi kauri ba. Ana fita bayan ƙarfe ɗaya na dare zuwa kiran assalatu, a nisanci fitilu, a kwanta a tabarma a kalli sama baki ɗaya, ba tabarau ba na'ura. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma duba waya sau ɗaya yana rushe wannan. A sa ran 10 zuwa 20 a awa in sama ta yi kyau. Na Mayu ya fi yawa, kuma ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya sun fi Turai ganinsa, amma awa biyun ƙarshe kafin alfijir ne kawai, ga hadari. Abin da ya fi ɓata kallon shi ne farin wata, don haka a duba kwanan watan Musulunci: daga 1 zuwa 7 wata ya faɗi kafin lokacin, daga 13 zuwa 20 da 'yan kai kuwa yana tsaye a sama yana shafe ƙananan.

Sunan ya taɓa zama a kan layukan taswira, kodayake an daina kiransu da shi. Allurar kamfas ba ta nuna arewa ta gaskiya, tana karkata gabas ko yamma, kuma karkatar ta bambanta daga wuri zuwa wuri. An ba Halley wani ƙaramin jirgin sojan ruwa mai suna Paramore don ya auna wannan a tekun Atlantika. Tafiyar farko ta 1698 ta watse saboda mataimakinsa ya ƙi yi wa farar hula biyayya, dole ya juyo. A ta biyu, daga 1699 zuwa 1700, ya gangara har digiri 52 kudu, ya shiga cikin tsaunukan ƙanƙara masu yawo a hazo, ya sha da ƙyar. Awon kansa mai sauƙi ne. Ana duba inda rana ta fito ko ta faɗi a kan kamfas, a lissafa inda ya kamata ta kasance a wannan rana da wannan wuri, bambancin shi ne karkatar. Sabon abin shi ne yadda ya nuna sakamakon a 1701: ya ja layi ya haɗa duk wuraren da karkatarsu ɗaya. An daɗe ana kiran waɗannan “layukan Halley”, kuma dabarar ce ake gani yau a taswirar hasashen yanayi.

Burin taswirar bai cika ba. An so matuƙin jirgi ya auna karkatar allurarsa, ya duba layin da ya dace, ya san nisansa gabas ko yamma. Matsala ta farko, a wurare da yawa layukan suna kwance ne daga gabas zuwa yamma, ba sa faɗin komai. Ta biyu, suna tafiya. A Landan allura tana karkata digiri 11 gabas a 1580, ta daidaita wajen 1660, ta kai digiri 24 yamma wajen 1820, ta sake daidaita a Greenwich a 2019. Agogon John Harrison ne ya warware matsalar daga baya. Ƙoƙarin bayyana wannan tafiya ta layuka shi ya kai Halley ga babban kuskurensa. A 1692 ya ce duniya holoƙo ce, ɓawo mai kaurin mil 500 da wasu ɓawo biyu a ciki da ƙwallo a tsakiya, kowanne yana juyawa da gudunsa. Ya dogara ne da wani adadi na Newton kan nauyin wata wanda ba daidai ba ne. Bai janye ba, har hoton da aka zana shi yana ɗan shekara 80 yana riƙe da zanen ɓawon. A yi masa adalci dai: cewa maganaɗisun duniya yana fitowa daga wani abu mai motsi a can ciki gaskiya ne, narkakken ƙarfe ne ba ɓawo ba.

Masu aikin inshora da fansho sun san sunan ta wata ƙofa dabam, jadawalin rayuwa na 1693. Rajistar mamata ta Landan ba ta rubuta shekarun mamaci, kuma baƙi suna kwarara cikin birnin. Sai aka samu wani limamin coci, Caspar Neumann, a birnin Breslau, wanda yau yake Wrocław a Poland, ya tattara haihuwa 6,193 da mutuwa 5,869 na shekarun 1687 zuwa 1691, da shekarun kowane mamaci. Halley ya mayar da su jadawalin yawan masu rai a kowace shekara ta rayuwa: 1,000 a shekarar farko, 855 a ta biyu, 661 a ta 10, 567 a ta 25, 531 a ta 30, 445 a ta 40. Amfani da shi ba wuya. 'Yan shekara 25 su 567 ne, 'yan 26 su 560, bakwai sun tafi, don haka damar ɗan 25 ya ga baɗi 80 ce a kan 1. Don sanin abin da ɗan shekara 30 zai sa rai, a raba 531 biyu, a nemi inda jadawalin ya sauko wajen 265, wato tsakanin shekara 57 da 58, saura 27 zuwa 28 ke nan. Da wannan ya nuna cewa gwamnatin Ingila tana tafka asara, domin tana sayar da haƙƙin karɓar kuɗi duk shekara har mutuwa a kan farashin shekara bakwai, ko mai saye yaro ne ko tsoho. A lissafinsa, da kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, na ɗan shekara 10 ya kai farashin shekara 13 da ɗoriya, na ɗan 70 kuwa biyar da kaɗan. Raunin dabarar shi ne tana ɗauka yawan jama'a a tsaye yake. A gwada ta a birni mai bunƙasa kamar Kano, inda yara suka fi yawa kuma baƙi ke shigowa kullum, za ta nuna mutane suna mutuwa da wuri fiye da gaskiya, don kawai matasan sun rinjayi tsofaffi a ƙidayar.

“Dabarar Halley” a lissafi ta 1694 ce, kuma shi da kansa ya ce aikin Thomas Fantet de Lagny ne ya zaburar da shi. Hanya ce ta matsawa kusa da amsa daga kintace. A ce ana neman lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 10. A fara da 3. A ninka ta da kanta, 9. A sama: 10 sau uku, 30, a haɗa da 9, 39, a ninka da 3, 117. A ƙasa: 9 sau uku, 27, a haɗa da 10, 37. A raba 117 da 37, a samu 3.16216. Amsar gaskiya 3.16228 ce. Dabarar Newton daga wannan mafari tana ba da 3.16667. In an sake zagaye ɗaya da sabuwar lambar, ta Halley tana kaiwa 3.16227766. Kowane zagaye yana ninka lambobin da suka dace wajen sau uku, na Newton sau biyu. Kuɗin da ake biya shi ne ƙarin lissafi a kowane taki, kuma a matsaloli masu wuya, in kintacen farko ya yi nisa ko lambar ƙasa ta kusa sifili, amsar tana iya tsalle ta ɓace.

Ƙararrawar nutso ma, wato mazubi mai buɗaɗɗen ƙasa da ake saukar da mutane ƙarƙashin ruwa a cikinsa, ana jingina masa, alhali ta girme shi. Gyara ya yi mata a 1691, wajen ƙoƙarin ciro hauren giwa daga wani jirgin kamfanin Royal African da ya nutse a gaɓar kudancin Ingila. A zurfin mita 10 ruwa yana matse iskar cikin ƙararrawa ta koma rabi, numfashi kuma yana ɓata sauran. Sai ya riƙa saukar da ganguna masu nauyin dalma cike da iska, masu huda a ƙasa da bututun fata a sama. In ganga ta sauka ƙasa da ƙararrawar aka ɗaga bakin bututun a ciki, ruwa da kansa yake tura iskar. Gurɓatacciyar kuma a sake ta ta famfo a sama. Shi da mutum huɗu sun yi awa ɗaya da rabi a zurfin kusan mita 18.

Wani ɓangare da ba a cika faɗa ba shi ne Larabcinsa. Ya koyi harshen don ya fassara wani littafin Apollonius na lissafin siffofi wanda asalinsa na Girkanci ya ɓace, sai fassarar Larabci a ɗakin karatu na Oxford, ya buga shi a 1706. Ya kuma bi awon al-Battani, masanin falakin Raƙƙa, yana gwada husufin da tsofaffi suka rubuta da na zamaninsa, har ya yi zargin cewa tafiyar wata tana ƙara sauri a hankali. Da irin wannan gwaji ne a 1718 ya nuna cewa taurarin Shi'ira da Dabaran da Simak sun gusa daga inda Girkawa suka auna su, wato taurarin da ake cewa kafaffu su ma tafiya suke. Ramin da aka sa wa sunansa a wata, mai faɗin kilomita 35, yana maƙwabtaka da babban ramin Albategnius, wanda shi ne al-Battani a bakin Turawa.

Tashar Halley a Antatika karramawa ce zalla. Ƙungiyar Royal Society, wadda ya yi wa aiki a matsayin magatakarda, ita ta kafa ta a 1956, shekara 300 cif bayan haihuwarsa. Tana wajen digiri 75 kudu, shi kuwa 52 ya tsaya. Da farko sunanta Halley Bay, aka yanke kalmar ta biyu a 1977 saboda mashigin ruwan da ake nufi ya ɓace. Ba a kan ƙasa take ba, a kan farantin ƙanƙara na Brunt take, mai kauri fiye da mita 100, wanda ke yawo a kan teku yana gangarawa a hankali. Dusar ƙanƙara fiye da mita ɗaya tana taruwa duk shekara, rana kuma ba ta fitowa kwana 105. Tashoshi huɗu na farko dusar ta binne su ta murƙushe. Ta biyar an ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe da ake ɗagawa duk shekara, amma farantin ya tafi da ita kusa da baki. Ta shida, wadda aka buɗe a 2013, ɗakuna takwas ne a jere, kowanne a kan ƙafafu masu miƙewa da takalman sulu, yadda tarakta za ta iya jan sa.

A nan aka gano hudar ozon. Tun shekarun 1950 ake auna wannan iska ta sama, mai tare hasken rana mai ƙona fata, da na'urar Dobson, wadda ke gwada ƙarfin launuka biyu na hasken, ɗaya ozon yana shanye shi ɗaya ba ya shanyewa sosai. Ma'auni 300 yana nufin in an sauko da duk ozon da ke bisa kai zuwa ƙasa, kaurinsa milimita 3 ne. Awon watan Oktoba a Halley ya sauko daga wajen 300 zuwa ƙasa da 200 a 1984. Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin suka buga sakamakon a mujallar Nature a Mayu 1985, suka danganta shi da iskar CFC, irin wadda ake zubawa a firji a lokacin. Abin da ya ba awon nasu ƙarfi shi ne daɗewarsa, kusan shekara 30 a wuri ɗaya da irin na'ura ɗaya. Yarjejeniyar Montreal ta biyo baya a 1987, kuma ita ce dalilin da ya sa mai gyaran firji a Sabon Gari ya daina samun gas ɗin R12, wanda CFC ne, ya koma R134a da R600a.

Takalman sulun sun yi rana a 2016 zuwa 2017, lokacin da wata tsohuwar tsaga ta farfaɗo tana neman raba tashar da sauran farantin. Aka ja ɗakunan ɗaya bayan ɗaya kilomita 23 zuwa ciki. Ana cikin haka wata tsagar ta bayyana a arewa, hukumar binciken Antatika ta Birtaniya ta ga ba za ta iya kwaso mutane cikin duhun hunturu ba in abu ya ɓaci, don haka tun 2017 ba mai kwana can a wannan lokaci. A Fabrairu 2021 wani yanki mai faɗin murabba'in kilomita 1,270 ya ɓalle, a Janairu 2023 wani mai 1,550 ya bi shi. Ma'aikata suna zuwa ne a watannin da rana ba ta faɗuwa, kafin su tafi su tayar da wani ƙaramin injin wuta mai shan man jirgi da kansa, wanda ke riƙe na'urorin awon ozon har su dawo.